Tarar tsayawa a matsayar bas a Landan: inda mutane ke ƙara wa kansu asara

A Landan, idan ka ga an zana dogon akwati a kan kwalta da rubutun BUS STOP a ciki, da wani layi mai kauri, rawaya ko ja, a jikin gefen titi, to wurin na bas ne. Babban kuskuren da direbobi ke yi shi ne ɗaukar wurin kamar sauran wuraren da aka hana fakin. Nan tsayawar ma kanta aka hana. "Ai minti ɗaya na yi, yarinya kawai na sauke." "Ai ban kashe mota ba, sigina biyu ma a kunne suke." Duk wannan ba ya shiga kunnen kowa. Sassaucin minti 10 da ake yi wa wanda lokacinsa ya ƙare a wurin fakin na biya bai shafi matsayar bas ba, katin Blue Badge na masu naƙasa ma bai buɗe wannan ƙofa ba. Masu Uber da sauran motocin haya na waya suna yawan faɗawa, domin fasinja zai tsaya daidai wurin yana ɗaga hannu. Ka wuce gaba kaɗan, ka bar shi ya tako.

Takardar tarar ana kiranta PCN. Idan a manyan tituna masu jan layi a gefe ne, hukumar sufuri ta TfL ce ke bayar da ita, fam 160 tun daga 2022. A sauran tituna kansil ɗin unguwar ne, wato ƙaramar hukuma, kuma laifin yana cikin rukunin masu tsada. Wanda ya biya da wuri rabi zai biya: kwana 14 idan jami'i ne ya manna takardar a gilashi, kwana 21 idan kyamara ce ta kama ka aka aiko ta gidan waya. Dokar 2015 da ta taƙaita amfani da kyamara wajen tarar fakin ta bar matsayar bas a cikin wuraren da kyamara ke aiki, shi ya sa mutum zai tafi hankali kwance, bayan kwanaki sai ga wasiƙar tara.

Nan ne adireshi ke cin mutane. Takardar tana zuwa ga wanda sunansa ke kan rajistar mota a DVLA, hukumar lasisi da rajistar motoci, a adireshin da ke kan takardar rajistar motar da ake kira V5C, ko da ɗan'uwansa ne ke tuƙi a ranar. Da yawa idan sun tashi daga gida sukan sauya adireshin lasisin tuƙi su ɗauka shi ke nan, alhali na motar daban ake sauya shi. Wasiƙu na ta taruwa a tsohon gida, mai mota bai san wainar da ake toyawa ba sai ranar da masu karɓar bashi suka gano inda yake.

Akwai kuma masu cewa bari in biya tukuna don kada kuɗin ya hau, daga baya in yi ƙorafi. Da zarar ka biya an rufe fayil, ana ɗauka ka amsa laifi. Zaɓi ɗaya za ka yi. Kafin ka zaɓa, shiga shafin hukumar da lambar PCN da lambar motarka, ka kalli hotuna ko bidiyon da suka ɗauka. Idan ga motarka nan ɓaro-ɓaro a cikin akwatin, layi kuma a bayyane, shawarata ka biya rabin ka huta. Taurin kai a nan tsada gare shi.

Idan kuwa kana da hujja, ka rubuta ta yadda za ta yi aiki. Wasiƙar da ta cika da "ni talaka ne, ina da iyali, shekara goma ina tuƙi ba a taɓa kama ni ba" wani lokaci takan sa a tausaya, amma ba a dogara da ita. Abin da ke soke tara shi ne irin waɗannan: fentin layin ya goge har ba a gane shi, allon da ke nuna sa'o'in hani ya ɓace ko lokacin da ka tsaya ba ya cikinsu, cunkoso ne ya tsayar da kai, motar ta lalace kuma ga rasit ɗin makaniki ko na masu janwe, ko kuma ka sayar da motar kafin ranar. Ka koma wurin da wayarka, ka ɗauki hoto daga inda direba ke hangowa, da sunan titi a ciki. Layi biyar da hoto uku sun fi shafi biyu na faɗa.

Matakan ma kada ka rikita su. Takardar gilashi ana fara ƙalubalantarta kai tsaye, kuma idan ka yi hakan cikin kwana 14 galibi sukan sake ba ka damar biyan rabi in sun ƙi. Idan ka ci gaba, za a aiko Notice to Owner, wato sanarwa ga mai mota, kana da kwana 28 ka yi ƙorafi a hukumance. Takardar kyamara kuwa daga wannan mataki take farawa. Idan suka wuce kwana 56 ba su amsa ba, an soke tarar. In sun ƙi, kana da kwana 28 ka ɗaukaka ƙara zuwa London Tribunals, kyauta ne, kuma masu yanke hukuncin ba ma'aikatan kansil ba ne. Sai dai ka sani, idan ka faɗi a can, cikakken kuɗin za ka biya.

Wanda ya jefa takardar a durowa kuma, takardar ƙarin tara da ake kira Charge Certificate ce za ta biyo baya da ƙarin rabi, 160 ta koma 240. Daga nan a yi rajistar bashin a kotun Northampton, sai masu karɓar bashi su ɗora nasu kuɗin, suna iya sa wa tayar mota mari a ƙofar gida. Ita tarar kanta ba ta sa makin laifi a lasisi, ba ta mai da mutum mai laifi a wurin 'yan sanda. Kuma idan saƙon tes ya shigo wayarka yana cewa ka danna nan ka biya PCN yau-yau, 'yan damfara ne. Hukuma ba ta aiko tarar fakin ta tes.