Matakan rage minshari da sanin lokacin ganin likita

Tambaya kan minshari ta yi yawa, don haka ga abin da ya kamata a yi, bi da bi.

1. Ka roƙi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ya lura ko numfashinka yana ɗaukewa na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan ka zabura kamar wanda aka shaƙe.

2. Ka koma kwanciya ta gefe, domin rigingine yana sa harshe ya faɗa baya ya matse hanyar iska. Ƙaramin ƙwallo da aka ɗinke a bayan rigar barci yana hana mutum juyawa.

3. Ka ɗaga kan gadonka kaɗan.

4. Ka wanke hanci da ruwan gishirin magani idan yana toshewa.

5. Ka bar taba da giya.

Gargaɗi: a nan mutane kan yi kuskure. Kada ka sha ƙwayar barci da kanka, saboda tana saki tsokar maƙogwaro, matsalar ta ƙaru.

6. Ka rage ƙiba idan kana da ita, musamman kitsen wuya.

7. Ka je wurin likita idan an ga ɗaukewar numfashi, ko kana gyangyaɗi da rana, ko kana tashi da ciwon kai, ko kana da hawan jini. Zai tura ka gwajin barci, kuma idan ta tabbata kana da cutar ɗaukewar numfashi a cikin barci, yana iya ba ka na'urar CPAP, wadda ke hura iska ta hanci duk dare. Kafin a duba ka, kada ka tuƙa mota kana jin barci.