Babi na Shida: Zafi da Iskar Ɗaki

Darasi na 1: Taɓa bango

A nan Kaduna, zafin bazara ya fi tsananta a watannin Maris da Afrilu. Da la'asar, ku ɗora tafin hannu a bangon gabas na ɗakinku, sannan a bangon yamma. In kun fuskanci alƙibla, yamma tana bayanku. Bangon yamma zai fi zafi, domin rana tana dukansa tun azahar. Bulon siminti yana riƙe zafin nan, sai dare ya yi ya sako shi, shi ya sa bayan isha'i ɗaki yake kamar tanda. Ku rubuta a littafinku wane bango ne ya fi zafi, da wane lokaci.

Darasi na 2: Hanya biyu

A nan ne yawancinku kuke kuskure, amma kada ku damu, a hankali za ku iya. Iska tana son ƙofar shiga da ƙofar fita. Taga ɗaya ba ta isa ba. Ku buɗe biyu, masu kallon juna. In taga ɗaya ce a ɗakin, ku haɗa da ƙofa, ku ɗage labulen. Labule a sake, ƙofa a rufe take. Yanzu ku rataya zare a tsakiyar ɗaki. Ya motsa? Madalla, iska tana wucewa. Bai motsa ba? Ku duba, wataƙila hanya ɗaya kuka buɗe. Ku sake: biyu, ba ɗaya ba. Ku faɗa da baki: biyu.

Darasi na 3: Gawayi da janareta

Iyayena, sau nawa zan faɗa? Hunturu na kamawa a Disamba, sai ku shiga da kaskon gawayi ɗaki, ku toshe taga da tsumma, yara na kwance. Gawayi da janareta suna fitar da iskar guba, kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri, kuma tana kashe mutum cikin barci. Wannan ganganci ne. Kasko ya kwana a tsakar gida, janareta kuma nesa da taga. Wanda jiri ya kama, a fito da shi waje, a kai shi asibiti.

Darasi na 4: Inuwa

Ku dasa darbejiya ta yamma da ɗaki. In da hali, ku sa silin a ƙarƙashin kwano.

Darasi na 5

Ku maimaita darasi na 2 a gida.