Yadda ake yawon jirgin ruwa a gabashin Bahar Rum ba tare da jirgin ya bar ka a tasha ba

Mu da muka saba da tashar mota, inda direba zai kashe inji ya jira fasinja ɗaya ya je ya sayo ruwa, sai mun sake lale idan za mu shiga jirgin ruwa na yawon buɗe ido. Idan aka rubuta cewa kowa ya dawo ƙarfe biyar da rabi, to biyar da rabi ake nufi. Ƙarfe shida za a janye tsani, a kwance igiya, kana tsaye a bakin ruwa kana ɗaga hannu. Yawancin shawarwarin da ke ƙasa a kan wannan suka ginu: a kowace tasha awanni ƙalilan ne a hannunka, kuma tun daga gida ake fara lissafinsu.

Mataki na farko: biza kafin tikiti

Kada ka biya ko sisi sai ka zauna da jadawalin tafiyar ka ƙirga ƙasashen da jirgin zai tsaya. Irin wannan yawo yakan tashi daga Piraeus, tashar birnin Atina, ko daga Santanbul, ya zaga tsibiran Girka irin su Santorini da Mikonos da Rodos da Kirit, ya leƙa Kushadasi a gaɓar Turkiyya. Girka tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, Turkiyya ba ta ciki. A nan mutanenmu suka fi faɗawa rami. Jirgi ya tashi daga Girka, ya kwana a ruwan Turkiyya, ya dawo Girka: a idon jami'in shige da fice ka fita daga Shengen ka sake shiga. Mai bizar shiga sau ɗaya ya ƙone ta ke nan tun a kwana na biyu, kuma ma'aikatan jirgin sun san haka, don haka tun a tebur ɗin karɓar fasinja za su iya hana shi hawa, kuɗin tikiti kuma ya bi ruwa. Nemi bizar da ake shiga da fita da ita sau da yawa, ka haɗa jadawalin jirgin cikin takardunka don ofishin jakadanci ya ga dalili.

Kuɗin bizar Shengen ga babba yuro 90 ne tun daga Yunin 2024, ana kuma neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ana karɓar takardu tun watanni shida kafin tafiya, kada ka bari sai ya rage makonni. Ita Turkiyya dokarta daban. Rubuta wa kamfanin jirgin ka faɗa musu fasfon ƙasar da kake riƙe da shi, su amsa maka a rubuce, sannan ka tabbatar a ofishin jakadancin Turkiyya. Kada ka yarda da "ai in dai ba za ka sauka ba babu komai". Yawancin kamfanoni suna neman biza ta cika ko da a cikin jirgi za ka wuni. Fasfo kuma ya zama da saura aƙalla wata shida bayan ranar dawowa.

Mataki na biyu: wata da ɗaki

Yuli da Agusta su ne watannin cunkoso da tsada da zafi. Wani zai ce zafin Turai me zai yi wa wanda ya sha ranar Afrilu a Sakkwato? Gaskiya ne, amma a Sakkwato ba wanda yake hawa dutsen marmara da tsakar rana don nishaɗi. Hukumomin Girka sun sha rufe Akropolis, dutsen tsoffin gine-ginen tarihi na birnin Atina, da rana saboda tsananin zafi. A watannin nan ne kuma iskar arewa da suke kira meltemi take kaɗawa a tekun, har takan hana jirgi tsayawa a Mikonos. Mayu, farkon Yuni, ƙarshen Satumba da Oktoba sun fi daɗi.

Ɗakin da ya fi araha shi ne na ciki, marar taga. Ba laifi, tunda kwana kawai za ka yi, sai dai ka sa ƙararrawar asuba don ba za ka san gari ya waye ba. Wanda mota take sa wa jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgin kuma a benen ƙasa, nan ne tangaɗi ya fi sauƙi. Kafin ka yi murnar farashi, tambayi abin da bai shiga ciki ba: tukwicin ma'aikata da ake rubutawa a asusunka kowace rana, lemun kwalba, intanet, da harajin da Girka ta fara karɓa daga fasinjojin irin waɗannan jirage a Yulin 2025, wanda a lokacin cunkoso ya kai yuro 20 ga kowane mutum a Santorini da Mikonos.

Mataki na uku: jaka

Bar kilishi a gida. Na san da ciwo, amma dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jakar matafiyi daga ƙasashen waje. Yaji kam ɗauki abinka, zai yi maka rana a kan kifi da shinkafarsu. Dutsen guga da butar lantarki ma ana ƙwacewa a ƙofar jirgi saboda tsoron gobara. Ɗauki takalmi mai riƙe ƙasa, da hula, da ƙaramar darduma, da robar ruwa da za ta zame maka buta. Magungunanka su kasance a jakar hannu, domin babbar jaka takan iso ɗaki sai yamma.

Batun abinci, sanar da kamfanin tun makonni kafin tafiya cewa halal kake ci. Wasu sukan tanada, wasu ba sa yi. Inda ba a tanada ba, kifi da ƙwai da kayan lambu sun wadatar, amma ka riƙa tambaya ko an zuba giya a miya ko a kayan zaƙi.

Mataki na huɗu: ranar hawa

Isa birnin da jirgin zai tashi kwana ɗaya kafin ranar. Daga Abuja ko Legas yawanci ta Santanbul ake bi, jinkirin awa uku a hanya kuwa ya isa ya raba ka da jirginka. Kuɗin otel na dare ɗaya bai kai asarar mako guda ba.

Da ka hau za a ba ka kati mai ɗauke da sunanka. Shi ne mukullin ɗaki, shi ne kuɗi, shi ake dubawa duk fita da shiga. Za a haɗa shi da katin banki, don haka zo da katin dala mai aiki a waje, ba wanda zai ba ka kunya a gaban layi ba. Kafin jirgi ya tashi akwai atisayen ceto, inda za a nuna maka wurin taruwa da yadda ake sa rigar ruwa. Dole ne, ana ɗaukar suna. Sannan ka kashe datar wayarka. A tsakiyar teku wayar takan kama layin tauraron ɗan Adam na jirgin, kuɗinsa kuma na tashin hankali ne.

Alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi. Duba manhajar waya daf da kabbara, ka tayar, hukuncin matafiyi kuma ka tambayi malaminka tun kafin ka baro gida.

Mataki na biyar: kowace tasha, abu ɗaya

Kowane dare ana ajiye takardar shirin gobe a ɗaki ko a manhajar jirgin. Ɗauki hoton abu biyu: lokacin komawa jirgi, da lambar wakilin kamfanin a wannan tasha. Agogon jirgi za ka bi, ba na gari ba. Sai ka zaɓa: ko ka sayi yawon da jirgin ya shirya, mai tsada amma idan motarsu ta makara jirgi zai jira, ko ka fita da kanka, ka ci riba, ka ɗauki alhakin kanka. Ra'ayina, ya danganta da tasha.

Rodos ta kanka ce. Jirgi yana tsayawa kusa da ganuwar tsohon gari, da ƙafa za ka shiga. Mayaƙan Kirista sun riƙe tsibirin daga 1309 har Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ya karɓe shi a 1522, shi ya sa za ka ga fadarsu da hasumiyar masallaci a unguwa ɗaya.

Atina ma da kanka za ka iya. Jirgin ƙasa na cikin gari yana tashi daga Piraeus zuwa Monastiraki, a gindin Akropolis. Tikitin shiga Akropolis yuro 30 ne, na ƙayyadadden lokaci, kuma mutum 20,000 kawai ake bari a rana. Saya ta intanet tun kana gida, ka zaɓi safiya.

Santorini ce mai yaudara. Babban jirgi ba ya isa gaɓa, a tsakiyar ramin tsohon dutse mai aman wuta yake tsayawa, ƙananan jirage su riƙa jigilar mutane zuwa gindin wani tsauni. Garin Fira yana can sama. Hanyar hawa uku ce: akwatunan da ke bin wayar ƙarfe, ko matakala kusan 600, ko jaki. Hawa ba shi ne matsala ba, saukowa ce. Ranar da na je jirage huɗu ne a ruwa. Da la'asar layin akwatunan ya miƙe ya lanƙwasa ya bi ta gaban shagunan zinari, rana tana dukan farin bango tana dawowa ido. Na duba agogo, na duba layi, na bi matakala. Duwatsun sun goge sun yi santsi, ga kashin jakai, ga jakan kansu suna gangarowa a jere ba ruwansu da kai. Wata dattijuwa a gabana ta tuɓe takalminta ta riƙe a hannu tana bin bango. Mun samu jirgi, amma gwiwata ta yi kwana biyu tana tuna mini. Idan za ka je ƙauyen Oia mai shuɗin ƙubba, je da safe, ka dawo Fira saura awa biyu cur.

Kushadasi kuwa, a nan kuɗin jagora yake halatta. Kangon birnin Afisa yana da nisan kusan kilomita 20, kuma ba tare da mai bayani ba tarin duwatsu kawai za ka gani. Ce a sauke ka a ƙofar sama, ka gangaro ta titin marmara zuwa ɗakin karatu na Selsus, ka fita ta wajen dandalin da yake ɗaukar mutum kusan 25,000. Inuwa kaɗan ce. Kusa da nan akwai kogon da ake dangantawa da Ashabul Kahfi, ɗaya daga cikin wurare da dama da ake yi wa wannan da'awa, har da wani a Jodan. A garin Selchuk akwai masallacin Isa Bey na 1375, wurin da za ka yi azahar a natse. Abu ɗaya: yi sharaɗi da jagora tun a mota cewa ba ka son tsayawa shagon darduma ko na fata, in ba haka ba awa guda za ta tafi a kan shayin tufa da ciniki.

Santanbul ba a cinye ta a wuni, kada ma ka gwada. Jirage suna tsayawa a Galataport, wadda aka buɗe a 2021, taragon T1 kuma yana wucewa ta bakinta ya haye gada ya kai ka Sultanahmet. A nan Aya Sofiya take, ginin shekarar 537 da aka sake mayar da shi masallaci a 2020, tana fuskantar masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida. Duba ranar da za ka isa: fadar Topkapi, inda ake ajiye kayan tarihin da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW), a rufe take ranar Talata, babbar kasuwa mai rufi kuma ba ta ci ranar Lahadi. Idan jirgin zai kwana, ware safiya ka je unguwar Eyup, inda kabarin Abu Ayyub al-Ansari yake, sahabin da ya sauki Annabi (SAW) a gidansa a Madina. Taksi a birnin nan cunkoso yake shiga ya tsaya, tarago ya fi amana idan lokaci ya matse. A Turkiyya lira ake kashewa, a Girka yuro, riƙe ƙananan kuɗi na kowanne.

Idan ƙaddara ta sa jirgi ya tafi ya bar ka, kira lambar wakilin nan. Idan fasfonka yana hannun jirgin, wurinsa ake bar maka shi. Kuɗin kai kanka tasha ta gaba kuwa daga aljihunka ne.

Mataki na ƙarshe: sauka

Kwana biyu kafin ƙarshe nemi lissafin asusunka ka bi shi layi-layi, domin a daren ƙarshe teburin ƙorafi cika yake. A daren za a ce ka ajiye babbar jaka a bakin ƙofa, ma'aikata su kwashe, sai ka same ta a tasha. Ware kayan da za ka sa da safe da fasfo da magani kafin ka zuge ta, don kusan kowace tafiya sai an ga wanda ya sauko da kayan barci. Jirgin saman komawa gida kuma kada ka yanki na safe. Daga Piraeus zuwa filin jirgin Atina tafiyar kusan awa guda ce, ga layin sauka, ga neman jaka a cikin dubu. Yanki na bayan azahar.