Matakan Zaɓen Risibar Sauti Mai Sauƙin Kuɗi

1. Risiba ita ce na'urar da ke karɓar sauti ta rarraba wa lasifikoki, don haka fara ƙirga lasifikokin da ɗakinka zai ɗauka. Ƙaramin ɗaki, 5.1 ta wadatar: lasifika biyar da na ƙarar ƙasa guda. Dolby Atmos kuwa, tsarin da ke sa ka ji sauti har daga sama, sai da ƙarin biyu a sama, don haka nemi 7.2, mai ɗaukar lasifika bakwai da na ƙarar ƙasa biyu.

2. Juya bayan risibar ka duba ramukan HDMI, inda ake jona wayar hoto da sauti. Nan ne masu wasan bidiyo ke yin asara. PlayStation 5 da Xbox Series X na fitar da hoton 4K sau 120 a daƙiƙa, kuma HDMI 2.1 ce ke iya ɗaukarsa. Karanta rubutun da ke jikin kowane rami, domin wasu risibobin ba duka ramukansu ke da wannan ƙarfin ba. Tabbatar akwai eARC, ita ke dawo da sautin talabijin zuwa risibar.

3. Kada yawan wat ɗin kan kwali ya ruɗe ka. Nemi adadin da aka auna lasifika biyu na aiki a om 8 (om shi ne ma'aunin juriyar lantarki ta lasifika).

4. Zaɓi mai makirfon daidaita sauti da ɗaki, kamar Audyssey a Denon ko YPAO a Yamaha.

5. In kuɗi sun yi kaɗan, ɗauki samfurin bara, ragowar ka zuba a lasifika.