Yadda za ka kwashe HTML ɗin component na React ya zama rubutu zalla

In kana so ka samu ainihin HTML ɗin da component ɗinka (wato ɓangaren shafi da ka rubuta da React, kayan aikin JavaScript na gina shafukan yanar gizo) ke fitarwa, misali don ka zuba a imel, abin ba wuya. Ka jawo renderToStaticMarkup daga react-dom/server, ka miƙa masa component ɗin, shi kenan zai maido maka da string tsaf, wato HTML ɗin a matsayin rubutu. Amma fa a kula, useEffect (inda aka saba sa code ɗin jawo bayanai bayan component ya fito) ba ya aiki a nan sam, duk bayanan da kake jira daga API (hanyar da manhaja ke karɓo bayanai daga sabar) ba za su fito ba sai dai ka turo su ta props (bayanan da ake miƙa wa component daga waje) tun farko. In a burauza kake kuwa, ni dai gara ka ƙirƙiri div (akwatin HTML), ka yi render, wato ka fitar da component ɗin, a ciki da createRoot cikin flushSync (mai sa a gama render ɗin nan take), sannan ka karanta innerHTML na div ɗin, wato HTML ɗin da ke cikinsa.