Yadda ake rage kuɗin takarda da tawada idan kana buga takardu a gida

Na sayi firinta ne a shekarar da 'yata ta shiga babbar sakandare, don na gaji da zirga-zirgar shagon kwamfuta. Ko wata biyu ban yi ba na gane cewa sayen firinta ba shi ne wahalar ba, ciyar da ita ne. Ga abin da ya rage mini asara.

Da farko, kada ka yi saurin bugawa sai ka ga abin da zai fito. Ka danna Ctrl da P, ka duba shafukan ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka kwaso daga intanet yakan zo da talla da hotuna, wani lokaci shafin ƙarshe layi biyu ne kacal. Ka rubuta lambobin shafukan da kake so, misali 2-4, ka bar sauran. Rim ɗaya takarda 500 ne, amma a gidan da ke da yara 'yan makaranta, kafin ka ankara ya ƙare.

Sai ka shiga saitin firintar ka zaɓi Draft, ka kuma zaɓi Grayscale ko Black only. Rubutun zai ɗan yi haske, amma ana karanta shi sarai. Takardar neman aiki ko ta ofis kaɗai ke buƙatar cikakkiyar tawada.

Daga nan ka saba da buga gaba da baya. Idan firintarka ba ta juya takarda da kanta, ka fara buga shafuka 1, 3, 5, ka juya takardun, sannan ka buga 2, 4, 6. Karon farko ka yi ɗan alama da fensir a kusurwar takarda ɗaya ka gwada, don ka san yadda take shiga. Takarda mai nauyin 80, wato wadda aka rubuta 80gsm a ledarta, ta fi dacewa da wannan, domin mai 70 takan nuna rubutun baya. Darasin karatu kuwa, shafi biyu a fuska ɗaya ya wadatar.

Salon haruffa ma yana da tasiri. A 2010 jami'ar Wisconsin da ke Green Bay a Amurka ta koma Century Gothic daga Arial don rage shan tawada. Sai dai haruffansa suna da faɗi, suna cin takarda, don haka ni Garamond nake amfani da shi.

Inda muka fi yin asara ba tare da mun sani ba shi ne bushewar tawada, musamman lokacin hunturu. Firinta mai ruwan tawada idan ta yi makonni ba a taɓa ta ba, bakin da ke fesa tawadar sai ya toshe, kuma wankin da take yi wa kanta tawada yake sha sosai. Na taɓa dawowa daga tafiya na tarar tana fitar da rubutu layi-layi kamar an ja shi da tsintsiya, sai da na wanke ta sau uku. Yanzu duk mako ina buga shafi ɗaya mai ɗan launi. Ka kashe ta da maɓallinta, ka jira ta yi shiru kafin ka zare waya, domin a lokacin ne bakin ke komawa mazauninsa ya rufu. Idan an ɗauke wuta tana cikin aiki, da zarar an kawo ka kunna ta ka kashe yadda ya kamata. Ka rufe ta da zane saboda ƙura.

Idan sabuwa za ka saya, masu tankin tawada irin su Epson L3210 ko jerin G na Canon sun fi masu katirij, wato ɗan akwatin tawada da ake canzawa, sauƙin ciyarwa, ko da yake kuɗin sayensu ya fi yawa. Wanda baƙin rubutu kawai yake bugawa, firinta mai hoda, wato laser, ta fi masa, don hoda ba ta bushewa. Idan rubutunta ya fara dusashewa, ka ciro katirij ɗin ka girgiza shi a hankali gefe da gefe, zai ƙara maka wasu shafuka.

Da damina kuma ka bar takardu cikin ledarsu, domin takardar da ta sha danshi ita ce ke maƙalewa a ciki.