Yadda za ki tsare sunan soyayyar kazarki da sirrin yajinki ba tare da kin yi ƙarya a lebul ba

Wata maƙwabciyata a nan Jos ta shekara uku tana soya kaza da dankalin turawa, suna ya fita har daga Rayfield ake mata oda, rannan kawai ta je Terminus ta ga wani ya buga sunanta a allon shagonsa, launi ɗaya rubutu ɗaya, harafi guda ya canza. Ta ce ai tana da takardar CAC. Toh a nan ne da yawanmu muke tafka kuskure, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Takardar CAC rajistar kasuwancinki ce, da ita za ki buɗe asusun banki da sauransu, amma ba ita ce mallakar suna da tambarin da ke jikin kayanki ba. Wannan shi ake kira rajistar alamar kasuwanci, ofishinsa daban, yana ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari ta tarayya a Abuja, kuma ba sai kin kama hanyar Akwanga ba, lauya ko wakilin da suka amince da shi zai shigar miki ta intanet.

Fara da sunan. In kika ce "Kaza Mai Daɗi" ko "Kazar Jos" da wuya su ba ki ke kaɗai, don kowa ma zai iya cewa tasa da daɗi, garin kuma na kowa ne. Ƙirƙiro abin da ba a saba ji ba, ki haɗa masa tambari. Kuma don Allah banda jan bokiti da hoton tsoho mai farin gemu, na KFC ne, kamfanin soyayyar kaza na Amurka, sun shigo Najeriya tun 2009 kuma suna da lauyoyin da ba ki da su.

Sai a yi bincike a rajista ko wani ya riga ki. Kar ki tsallake wannan saboda rowar kuɗi. Daga nan batun rukuni, kaya da ayyuka an raba su gida 45, mu masu kaza uku ne suka shafe mu: 43 na gidan abinci, 29 na nama da kaji, 30 kuma nan kayan yaji da fulawa suke. Kowane rukuni da kuɗinsa, in aljihu bai kai ba fara da wanda kike ci da shi yanzu. Za su ba ki takardar sun karɓa, bayan sun duba su ba ki ta amincewa, a buga sunan a mujallarsu a jira wata 2 ko akwai mai ja, in shiru sai satifiket. Rajistar farko shekara 7 take yi, sabuntawa kuma 14. Alamar ® ɗin nan kar ki liƙa sai satifiket ya zo hannu, laifi ne, kafin nan ™ ta ishe ki.

Yanzu abin da aka fi tambaya, wai za a iya yi wa haɗin yajin rajista? Alamar kasuwanci suna take karewa ba girki ba. Shi kansa Kanal Sanders, wanda ya kafa KFC, da ya fara a garin Corbin na jihar Kentucky a Amurka, haɗin nan nasa na kayan ƙamshi 11 bai kai shi an ba shi takardar mallakar ƙirƙira ba, saboda sharaɗinta sai ka bayyana komai a rubuce kowa ya karanta, kuma bayan wasu shekaru ta ƙare ya zama na kowa. Ɓoyewa suka yi har yau. Ke ma haka za ki yi, ki haɗa yajinki da hannunki a ɗaki, yaran shago su karɓi haɗaɗɗe kawai, awon kuma ya zauna a kanki ko a littafin da ba ya zuwa kicin.

Muddin da zafinta kike miƙa kazar a takarda ba ruwanki da lebul, tsafta da duba-gari ne naki. Amma ranar da kika fara ɗura yajin ko garin shafa kazar a roba kina kaiwa shaguna, kin shiga hannun NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, kuma cikin takardun da suke nema har da shaidar alamar kasuwancin nan, kin ga amfanin fara ta da wuri. A jikin robar dole a ga sunan kayan, nauyinsa, sunanki na kasuwanci da adireshin inda ake haɗawa, lambar zubin, ranar da aka yi da ranar da zai daina aiki, yadda za a ajiye, da lambar NAFDAC. Da Turanci ake so, in kin ga dama ki ƙara Hausa a gefe.

Jerin kayan haɗi kuwa daga mai nauyi ake farawa zuwa mara nauyi. In fulawa ce ta fi yawa ita ce farko, sai gishiri, barkono, citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari, haka dai. Nan mata suke tsorata wai sirri zai fita, wallahi ba zai fita ba, sunaye kike rubutawa ba cokali nawa ba, ba kuma wanne kika soya kafin ki daka ba ko awa nawa kazar ta kwana a ciki. Citta da masoro wa bai san su ba a kasuwar Farin Gada?

Inda ba wasa shi ne abin da jikin wasu ba ya so. In akwai ƙuli-ƙuli a yajinki gyaɗa ce, rubuta ɓaro-ɓaro, akwai yaran da ƙwaya ɗaya sai ta kai su asibiti numfashi na sarƙewa. Haka alkama, ƙwai, madara da waken suya. Farin magi ma in kin zuba ki faɗa, kar ki ɓoye shi a cikin "kayan ƙamshi".

Sitikar kuma buga kaɗan tukun a matsayin samfur ki kai wa NAFDAC su gani, sai lamba ta fito sannan ki je wajen mai bugawa ki yi ta dubu, in ba haka ba gyaran layi ɗaya zai sa ki zubar da kwali guda.